Ƙwan da Ya Sha Hanya

Ɗana, ranar Lahadin da ta wuce, kasuwa na tsakiyar ci, na hango ka a bakin tasha kai da abokinka kun sa wani kwali a gaba, an naɗe shi da salatif, an rubuta lambar waya a gefensa. Ban yi maka magana ba, don na ga fara'a a fuskarka, kuma ba a tare mai murna da nasiha a bainar jama'a. Amma ina kallo ka ɗora kwalin a tankin babur, ka danne shi da ciki, ka faɗa ramin nan na bakin kwalbati ko birki ba ka taka ba. Sai da na ji abin a ƙirjina, don na san abin da ke ciki. Ƙwan ƙyanƙyasa ne, ka saya ta waya a hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba, ya sa maka shi a mota daga Kudu.

Ba kai kaɗai ba ne. 'Yan shekarun nan samarin Ɗanbatta da yawa sun shiga harkar: a ga hoton kaza a Facebook ko WhatsApp, a tura kuɗi, a zauna jiran kiran direba. Ni abin yana faranta mini rai, don wanda ya tashi da asuba juya ƙwai ya fi wanda ya raba dare a majalisa yana lissafin dukiyar wasu.  Abin da ke damuna shi ne kuskure iri ɗaya nake gani yana yawo gida-gida, kuma ni ma na yi shi.

Karon farko da aka aiko mini da ƙwai daga nesa, kiret biyu ne. Na karɓo su da la'asar, kafin magariba sun shiga inji da ɗumin mota a jikinsu. Har wanke waɗanda suka ɓaci da kashi na yi, wai ni mai tsafta. Daren kwana na 21 ban runtsa ba, ina zaune da tocila kamar mai gadin kanti. 'Yan tsakin da suka fito ba su cika yatsun hannu biyu ba. Na kira mai ƙwan na faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Sai da na zauna da waɗanda suka fi ni sani na gane cewa kaso mai tsoka na laifin nawa ne, saura na hanya.

Ni a lokacin na ɗauki ƙwai kamar buhun masara, abin da za a jefa a but a ɗora masa taya. Ashe rai ne a kwance. In ka fasa ɗanyen ƙwai a faranti za ka ga ɗan farin ɗigo a saman gwaiduwa. Nan ɗan tsako yake farawa. Za ka kuma ga wasu farare biyu kamar zaren da aka murɗa, ɗaya ta kowane gefe, su ke riƙe gwaiduwa a tsakiya kada ta manne da ɓawo. A ɓangaren ƙwai mai faɗi kuwa akwai ɗan gurbin iska tsakanin siraran fatu biyu da ke ƙarƙashin ɓawo. Wajen kwana na 19 zuwa 20 ɗan tsako zai huda wannan gurbi da baki ya shaƙi iskarsa ta farko, sannan ya sami ƙarfin fasa ɓawo. To a ɗauki halitta mai laushi haka a loda ta a Ibadan, ta bi Ilorin, ta haye gadar Jebba, ta wuce Mokwa, ta biyo Kaduna da Zariya zuwa Kano, tafiyar da ta haura kilomita 800, a sauke ta a tasha, a sake cusa ta a motar Ɗanbatta ta ƙara wasu kilomita 60 da ɗoriya. Duk ramin da taya ta faɗa, ƙwan ya ji a jikinsa. Zaren nan ya saki, fatar gurbin iska ta ɓalle, har in ka haska ka ga iskar na yawo a ciki kamar kumfa a kwalba. Ɓawo lafiya lau, ba tsaga ba komai, amma ciki ya jigata.

Zafi kuma ya fi girgiza ɓarna. Ƙwan da ke jiran kwanci yana son wuri mai sanyi-sanyi, digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, inda ɗigon nan zai yi barcinsa. Da zafi ya doshi 30 sai ya farka ya fara girma, girman wahala, don ɗumin bai kai na cikin kaza ba. Ka san Maris da Afrilunmu, zafi na taɓa 40 a inuwa, balle a but ɗin mota, balle kwalin da aka yasar a filin tasha yana jiran mai shi. Da za ka ji tawa, daga Maris har ruwa ya sauka sosai ba za ka yi odar ƙwai daga nesa ba, komai rangwamen da aka yi maka. Araha ba ta ado.

Saboda haka ka gyara lissafi tun kafin ka tura kuɗi. Masu wannan sana'a, har a Amurka da Ingila inda ake aika ƙwai ta gidan waya cikin kwali mai soso, sun yarda cewa in rabin ƙwan da ya sha hanya ya ƙyanƙyashe an yi sa'a. Kiret mai 30, ka sa ran 15 ka gode wa Allah. Ɗan tsako ɗaya ya tashi a kuɗin ƙwai biyu kenan, ga kuɗin mota, ga man janareta na sati uku. In ka haɗa, sau da yawa za ka tarar sayen 'yan tsakin kwana ɗaya ya fi sauƙi. Su ma sun fi ƙwai jure tafiya, domin dab da fitowa ɗan tsako yake zuƙe ragowar gwaiduwa, ita ce guzurinsa na kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa kwalayensu ke zuwa daga Ibadan suna ta kuka da ransu. Ƙwai daga nesa sai in irin da kake nema ba a samun 'yan tsakinsa kusa. Kuma kada ka yi da kuɗin bashi, ko na adashen mahaifiyarka, ko na takin damina. Na ga yaron da ya sayar da tunkiyarsa ya zuba a ƙwai, ya tashi ba tunkiya ba kaza. Tun da can aka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle kazar da ba ta wuce hoto a waya ba.

Shi ma irin ka tsaya ka duba. Noiler, wadda kamfanin Amo na garin Awe a jihar Oyo ya fitar, kaza ce mai albarka, ga nama ga ƙwai. Amma haɗi ce, daga iyaye na musamman ake samo ta, haka ma Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya. In wani ya tara su a bayan gidansa da zakara ya sayar maka da ƙwansu, za su ƙyanƙyashe, sai dai 'ya'yan ba za su fito bai ɗaya ba, wani ya yi girma wani ya tsumbure. Brahma kuwa, da ta ɗauke hankalin samari saboda girma da gashin ƙafa, sanyi ta fi jurewa. Ka gan ta a bazara tana haki, fukafukai a sake, sai ta ba ka tausayi. Ban hana ka kiwonta ba, kowa da abin da ransa ke so, amma ka tanadi inuwa kafin ka tanadi ƙwai.

Cinikin waya cinikin biri a sama ne, tambaya ce kaɗai idonka. Ka ce ya nuna maka garken a bidiyo kai tsaye, ka ƙirga zakaru da kanka; zakara ɗaya bai kamata a tara masa fiye da kaji 8 zuwa 10 ba, masu nauyin jiki ma ƙasa da haka. Ka tambayi ranar da aka saka ƙwan, a rubuta ta da fensir a jikin kowanne. Ƙwai yana kan ganiyarsa a kwana 7 na farko, daga nan kullum ja da baya yake, kuma kwanakin hanya suna cikin lissafi. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke kwasar ƙwan kajin keji, waɗanda ba su taɓa ganin zakara ba, su sayar da sunan na ƙyanƙyasa. Wannan ko shekara ya yi a inji sai dai ya zama baragurbi. Maganinsu mai sauƙi ne. Ranar da kaya suka iso ka sadaukar da ɗaya ko biyu, ka fasa a faranti a wurin haske. In ɗigon nan ya yi faɗi kamar ƙaramin zobe mai da'ira tsaf, zakara ya taka. In ɗan tsigil ne fari fat marar siffa, babu. Ka soya abinka ka ci, ka dai san inda aka kwana.

Wajen ɗauri, iyayenmu mata sun riga mu. Kowace damina ƙwan zabi ke fitowa daga ƙauyuka da rugage zuwa kasuwa, a saya a kai wa kaza ta kwanta, tun da zabuwa ba ta iya raino ba. Sukan jera shi a ƙwarya cikin ƙaiƙayi ko dusa, ba wanda ke taɓa ɗan'uwansa, a ɗauka a ka da sanyin safiya. Abin da za ka nema wa naka kenan: kowane ƙwai a naɗe shi daban, tsininsa ƙasa, a cike gurabe da buntun shinkafa ko garin katako, a sa kwalin cikin wani kwali. Ka yi magana da direba da bakinka, ka ƙara masa na goro ya ajiye shi a kujera. In ka san mai zuwa da zai rungumo shi a cinya, ya fi komai. Abu biyu ne na 'yan kasuwa ba za ka ara ba, tsoma ƙwai a ruwa a ga mai nutsewa, da kaɗa shi a kunne. Wannan gwajin ƙwan ci ne.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Kaya sun iso, zumuɗi ya hana ka zama, kana so yau-yau ka ga inji ya cika. Ɗana, baƙon da ya kwana a mota ai ba a tarbarsa da fartanya, shimfiɗa ake yi masa. Ka buɗe kwalin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kusa da randa in akwai, ka haska kowane ƙwai da tocila a duhu, ka ware mai tsaga ko da siririya ce kamar gashi. Sauran ka jera su a kiret, tsini ƙasa, faɗi sama, ka bar su kwana ɗaya cur ba mai taɓawa, don abin da hanya ta hautsina ya koma mazauninsa. In garin ya ɗau zafi har ɗakin ya yi turiri, rabin yini ya isa. Waɗanda ka ga iskarsu na yawo ka yi musu alama. Su a tsaye za su shiga inji, kwana biyu zuwa uku na farko ba juyi, bayan nan ma karkatawa ce a hankali, dama da hagu. Kada ruwa ya taɓa ko ɗaya. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake numfashi, kuma kaza tana shafe shi da wani siririn rufi sa'ad da take sakawa, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Wanki yana cire rufin ya tura datti ciki. Mai ɗan kashi ka kankare shi a bushe. Wanda ya ɓaci da yawa a kai shi madafi.

Inji kuma ba a gwada shi da ƙwan da aka sha wahalar samu. Ka kunna shi ba komai a ciki, kwana ɗaya ko biyu, ka ga ya tsaya a 37.5. Kada ka sakankance da lambar da ke haskawa a goshinsa, ƙananan injinan nan na roba sukan yi ƙarya, kuma digiri guda a wannan aiki ba abin wasa ba ne. Ka sayi ma'aunin zafi irin na asibiti a kemis, ka ajiye daidai tsayin ƙwai ka kwatanta. Sannan ina wutar kwana 21? Kai ma ka san halin wutarmu. In ba ka da sola da batir da zai kwana yana aiki, ko janareta da mansa a ajiye, da sauranka. In wuta ta ɗauke ba zato kada ka ruɗe, kada ka buɗe. Ka lulluɓe injin da bargo ka bar ƙofar iska. Ƙwai yana jure sanyin 'yan awoyi, jinkiri kawai zai jawo. Abin da ba ya jurewa shi ne zafin da ya haura 40 ya daɗe. Na san wanda ya tura kaskon gawayi ƙarƙashin inji don tausayi, da safe ya tarar ya dafa su.

Shi ya sa nake cewa injin da ya fi kowanne a Ɗanbatta yana nan yana tonon ƙasa a tsakar gidanku. Kazar gida mai kwanci ba ta san ɗauke wuta ba, tana juya ƙwai da bakinta dare da rana fiye da yadda za ka iya, in sun fito kuma ita ce bargonsu, ita ke tare musu shirwa. In ƙwan da ka saya kaɗan ne mai tsada, ka nemi kaji biyu da suka zauna da gaske, ka gwada su kwana biyu a kan wani ƙwan, sannan ka musanya da dare. Kada ka cika mata, 8 zuwa 10 ya isa, daidai abin da fukafukanta za su rufe. A zuba toka ƙarƙashin shimfiɗarta saboda ƙuma, a ajiye mata ruwa da tsaba kusa. Wasu samari na ganin wannan ƙauyanci ne. Ni dai ban taɓa jin kaza ta ce a sayo mata fetur ba.

In kuwa inji ne marar juya kansa, juyi aikinka ne, sau uku ko biyar a yini, ba biyu ko huɗu ba, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Danshi shi ne mai wuyar sha'ani. Littattafai za su ce kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. Gaskiya ne, sai dai lamba ba ta san hunturunmu ba, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe kafin a gama shanya, ba ta kuma san Agustanmu ba, da gishiri ke jiƙewa a kwano. A hunturu farantin ruwa ɗaya ba ya isa, sai an ƙara da jiƙaƙƙen soso; a tsakiyar damina wani lokaci ɗan kaɗan ma ya yi yawa. Ka haska ƙwan a kwana na 7, na 14 da na 18, ka zagaye gurbin iska da fensir. Ya kamata ya riƙa faɗaɗa sannu-sannu har ya doshi sulusin ƙwan a ƙarshe. In ya yi sauri ƙara ruwa, in ya ƙi motsi rage. Haskawar kwana na 7 zuwa 10 ita ke raba gardama. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi; wanda ya mutu da wuri jan zobe za ka gani; wanda ba komai kuma fes yake kamar ranar da aka saka shi. Ka fitar da matattu, don baragurbi in ya fashe a inji yakan shafi sauran, wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda kake shakka a kansa, ƙara masa kwana uku kafin ka yanke hukunci.

Karanta ƙwai da ido da hannu tsohon ilimi ne. A Masar an haura shekara 2,000 ana ƙyanƙyasar dubban ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa da wuta ƙasa-ƙasa, kuma ma'aunin masu aikin fatar idonsu ce, su ɗora ƙwai a kai su ce ya yi ko bai yi ba. Ban ce ka jefar da ma'auninka ba. Su ma da zama kusa da ƙwai suka iya, ɗa yana gado wurin uba.

Daga kwana na 18 ka daina juyi, ka ƙara ruwa, ka rufe inji, ka naɗe hannu. Za ka ji kuka daga cikin ɓawo, ka ga ɗan huji, sai kuma shiru, awa 12, wani har 24. Zuciya za ta ce maka ya maƙale, taimaka masa. Hutawa yake yi, yana koyon numfashi, yana janye jinin da ke jijiyoyin fatar ƙwai, yana ƙarasa zuƙe gwaiduwa. In ka ɓare masa jini za ka gani, ka fito da ɗan tsako cibiya a buɗe, wanda da wuya ya kwana biyu. Kowace buɗewa kuma danshi take fitarwa, musamman a hunturu, fatar ciki ta bushe ta naɗe 'yan'uwansa kamar leda. Ka kori yara daga ɗakin, kai ma ka bi bayansu. Waɗanda suka fito a bar su su bushe su yi buzu-buzu kafin a kwashe, ba yunwa suke ji ba. Kuma ba a kashe inji ranar 21 cif, wanda ya ji sanyin ɗaukewar wuta yakan kai 22 ko 23. Na zabo 26 zuwa 28 yake yi, na talo-talo 28, agwagwarmu ta gida har 35, don haka kada ka zuba su rana ɗaya ka sa ran fitowa rana ɗaya.

Bayan an gama akwai aikin da ba mai so, shi ne kuma ya fi koyarwa. Ka ɗebi waɗanda ba su fashe ba ka fita bayan gida, ka toshe hanci, ka fasa su ɗaya-ɗaya. In yawancinsu fes suke ba alamar jini, ko dai ba zakara ko sun mutu a hanya tun ba su fara ba; nan kana da magana da mai ƙwai da direba. In jan zobe ne ko ɗan gudan jini, zafin hanya ne, ko tsufan ƙwai, ko injinka a satin farko. In kuwa cikakken ɗan tsako ka tarar da gashinsa, ya mutu bai fasa ba, kuma ba ya cikin waɗanda ka yi wa alama, to ɗana kada ka kira kowa. Yawanci danshinka ne, ko iskarka, ko hannunka mai buɗe-buɗe. Ka rubuta duka a littafi. Ina ja maka wannan ne don na ga yadda ake saurin hawa Facebook a kira mutum ɓarawo, ga hotonsa ga lambarsa, kan abin da ba a bincika ba. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ni da na yi, sai da na nemi mutumin na roƙe shi gafara, kuma kiran bai yi mini daɗi ba.

Shi ma kwalin ka ƙona shi, kada ya shiga akurki. Waɗanda suka yi wayo a 2006 suna tuna murar tsuntsaye, da aka tabbatar a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna cikin Fabrairu, karon farko a Afirka, ba a jima ba ta bayyana a gonakin Kano. Irin wannan cuta a jikin kiret da taya da takalmi take tafiya. Akwai ma cututtukan da uwa ke sa wa ɗa tun a ƙwai, don haka baƙin 'yan tsaki a ware su daga kajin gida na 'yan makonni. Rigakafinsu kuma yana wuyanka. Lasota da Gumboro ba a wasa da su, cibiyar Vom ta jihar Filato tana yin su, amma sai a ƙanƙara ake ɗauko su, wanda ya sha rana ya zama ruwa. Ka je wurin malamin dabbobi ya tsara maka ranaku. Ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a ƙofar gidanmu. Asara ce mu bar malamai a nan mu tafi neman fatawa wurin wanda ba mu san ko ya taɓa riƙe kaza ba.

Na san takardar nan za ta same ka ƙwanka ya riga ya shiga inji, watakila tun daren Lahadin. Ba komai, a cikinsu ba a rasa masu taurin rai. Zubi na gaba dai ka fara da ƙwan gida, na maƙwabta, wanda bai hau mota ba, ka yi sau biyu ko uku har ka san halin injinka. Jar kazar nan ta mahaifiyarka na ji an ce ta fara zama a bayan rumbu, tana hura wuya in an matso. A bar ta, kada a tsoma ta a ruwa, muna da aiki da ita. Laraba ta sama ƙwanka zai cika kwana 10. Zan shigo bayan isha'i, ka tanadi fensir da tocila mai sabon batir, ka kuma toshe tagar ɗakin.